Yunwa ko ƙarancin abinci? Yadda aka ba da labarin 2005 a jihar Maraɗi

A daminar 2005, mata daga ƙauyukan Agye, Gazawa da Gidan Rumji suka riƙa tururuwa zuwa cibiyoyin ƙungiyar likitoci ta MSF, goye da yaran da tamowa ta kama. A watan Yuli, wakiliyar BBC Hilary Andersson ta aika hotunan irin waɗannan yara daga Maraɗi, hankalin duniya ya tashi. Tun a watan Mayu Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi agaji, masu hali suka yi kunnen ƙashi; hotunan ne suka buɗe bakin aljihunsu.

Daga nan gardama ta koma kan kalma guda. Kafofin waje suka ce yunwa ce, suka ɗora alhaki kan fari da farin dangon 2004. A watan Agusta, shugaba Mamadu Tanja ya shaida wa BBC cewa babu yunwa a Nijar, ƙarancin abinci ne a wasu yankuna, ya kuma zargi ƴan adawa da ƙungiyoyin agaji da zuzuta lamarin. Kowane ɓangare na da abin karewa: mai neman taimako yana buƙatar kalma mai ratsa zuciya, mai mulki kuwa bai manta ba cewa yunwa na cikin dalilan da suka kayar da Diori Hamani a 1974.

Son rai ya fi ɓoyewa cikin abin da aka tsallake. Girbin 2004 ya gaza matsakaicin na shekaru biyar da kimanin kashi 11 cikin 100 ne kawai, kuma Maraɗi rumbun ƙasa ce. Hatsi na nan jibge a kasuwa, sai dai buhu ya kai jika 30, ga fatake na kwasa zuwa Jibiya da Dawanau. Manomin da gonarsa ta ƙanƙance saboda rabon gado ya sayar da amfaninsa da kaka don biyan bashi, ya dawo saye da tsada lokacin noma. Tamowa kuwa kowace shekara tana ɗaukar yara, ko an yi albarkar damina. Labarin fara ya wanke kasuwa, musun gwamnati ya rufe tamowa.

Gardamar ba ta ƙare a baki ba. A watan Afrilun 2006 hukuma ta hana wata tawagar BBC ɗaukar rahoton yunwa. A watan Yulin 2008 aka dakatar da reshen Faransa na MSF a Maraɗi, alhali yara na jiran magani. Sai bayan juyin mulkin 18 ga Fabrairun 2010 hukumar Salu Jibo ta amsa a fili cewa yunwa na barazana ga miliyoyin mutane.

Ɗalibin da aka koya wa tambayar wa ya zaɓi kalmar, kuma wa aka bari ba a ji bakinsa ba, zai lura da abu guda: a 2005 an nuna fuskar uwar Agye a duniya, amma da wuya aka tambaye ta nawa ta sayi tiyar hatsi.