Babin da Fim Ya Tsallake: Littafin Tolkien a Hannun Peter Jackson

A shekarun 1954 da 1955 ne aka wallafa The Lord of the Rings, ƙagaggen labarin marubucin Ingila J.R.R. Tolkien, cikin juzu'i uku. Bayan kusan rabin ƙarni, Peter Jackson, ɗan ƙasar New Zealand, ya mayar da shi finafinai uku, waɗanda suka fito daga 2001 zuwa 2003.

Tun daga farkon labarin fim ya saɓa wa littafi. A littafin, shekara 17 ta shuɗe tsakanin ranar da Frodo ya gaji zoben tsafi da ranar da ya bar gida domin nisanta shi daga abokan gaba, amma fim bai nuna tsawon wannan jira ba. An kuma cire Tom Bombadil, wanda zoben ba shi da iko a kansa.

Sauyi mafi nauyi yana ƙarshe. A littafin, da Frodo da abokansa suka komo ƙasarsu Shire, sun tarar matsafi Saruman ya mamaye ta, an sare itatuwa, an kulle jama'a, sai da suka sake gwabza faɗa kafin su ƙwato ta. A fim kuwa, sun iske gida lafiya lau.

Tolkien ya halarci yaƙin Somme a Faransa a 1916, kuma yawancin aminansa sun mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Wannan babi nasa yana nuna cewa ɓarnar yaƙi takan riga soja isa gida. Wanda ya tsaya ga kallo kawai ba zai gamu da wannan darasi ba.