Daga Habub na Jazira zuwa Gajimaren Taurari

A shekarar 1925, wadda a cikinta aka kammala madatsar Makwar, inda kakanninmu na Mai Wurno da ƙauyukan da ke kewaye suka zuba guminsu, wani Bature masanin yanayi mai suna Sutton ya wallafa bahasi a kan habub, wato gangamin ƙurar nan da ke rufe Jazira da Hartum gabanin ruwan damina. Asalinsa kuwa iska ce mai sanyi da ke zubowa daga hadari, wadda saboda nauyinta take kutsawa ƙarƙashin mai zafi, kuma a haddin da suke gogar juna sai su yi ta naɗewa suna cakuɗuwa. Lissafin wannan naɗewa ya riga Sutton, domin Helmholtz Bajamushe ya fara shi a 1868, Kelvin na Birtaniya ya ƙara a 1871, alhali hankalinsu yana kan ruwa da iskar duniya.

Malaman falaki ne suka kai mas'alar sama. A 1956 Lyman Spitzer na Jami'ar Princeton ya kafa hujja cewa gajimaren iska mai sanyi da aka hango nesa da tarin taurarinmu ba zai dawwama a dunƙule ba, face akwai wata siririyar iska mai zafin digiri miliyan da ta matse shi ta kowace fuska. Da tauraron ɗan Adam Copernicus, wanda aka harba a 1972, ya duba, sai ga alamar iskar oksijin mai zafin kimanin digiri 300,000, tsaka-tsaki ke nan, kuma a nan mushkilar take, domin iska mai irin wannan zafi saurin hucewa gare ta, bai kamata a riƙa samunta ko'ina ba.

Jawabin da ya fi kwanta mini shi ne na Begelman da Fabian a 1990: wannan iska mai tsaka-tsakin zafi ba zama take yi ba, kullum sabuwa ake haifa a haddin da mai zafin miliyan take gogar iskar gajimaren mai digiri 10,000. Daga bisani, a 2018, Gronke da Oh suka nuna da lissafin kwamfuta cewa matuƙar gajimaren yana da girma, cakuɗar takan huce ta manne masa, har ya ƙaru da iskar da a da ake zaton ita za ta tarwatsa shi.