Bado ko Magarya? Ma'anonin Kalmar Lotus da Takwarorinta a Hausar Konni, Malbaza da Illela

Tsakure

Maƙalar ta bi sawun kalmar lotus daga Girkanci zuwa Latin da Faransanci, ta nuna cewa fassara ta da "bado" a kowane muhalli kuskure ne. A tsofaffin matani masu yawa itacen da ake nufi ɗan gidan magarya ne, kuma malaman ƙasar Hausa sun riƙe wannan ma'ana ta hanyar Larabci.

Bitar ayyukan da suka gabata

Asalin kalmar bai da dogon zance. Girkawa suna cewa lotos, wasu masana harshe kuma suna danganta ta da lot ta Ibrananci, sunan wani ƙaro mai ƙamshi. Inda gardama take shi ne ma'ana. Herodotus, a ƙarni na 5 kafin Miladiyya, ya kira tsiro biyu da wannan suna. Ɗaya furen ruwa ne na Nilu, wanda Misirawa ke shanya ƙwayarsa su daka su yi gurasa, su kuma ci saiwarsa. Ɗayan ɗan itace ne mai zaƙi kamar dabino da mutanen gaɓar Libiya ke rayuwa a kansa. Linnaeus a 1753 bai raba gardamar ba, ƙara ta ya yi, don ya liƙa sunan ga bado, Nymphaea lotus, da wani itace mai ƙaya, Rhamnus lotus, wanda daga baya aka mayar Ziziphus lotus, har da wani jinsin ganyen kiwo. Furen Indiya, padma a Sanskirit, shi ya mamaye tunanin ɗalibin yau, shi ya sa da ya ga lotus a littafin Faransanci sai ya ce bado. Da wannan ɗabi'a maƙalar ke jayayya.

Hanyar bincike

An gwama waɗannan matani da jerin sunayen tsirrai na Dalziel na 1916 da ƙamus ɗin Bargery na 1934, sannan da yadda ake amfani da sunayen a kwarin Maggiya.

Sakamako

Bado bai da rikici. Yana fitowa a tafkuna da ruwan da ya kwanta bayan damina, ana cin saiwarsa da ƙwayarsa, musamman a shekarar da hatsi ya yi ƙaranci. Bayanin Herodotus kan Nilu ya dace da shi sarai.

Magarya ce ke da labari. A faɗin Adar da kwarin Maggiya tana tsiro ba mai shuka ta, awaki na cin ganyenta, manomi na shinge da ƙayarta, mata na daka busassun ƴaƴanta su yi akuri a kai kasuwa. Mungo Park, a littafin tafiyarsa na 1799, ya ga irin wannan waina a Kaarta da ƙasar Bambara, ya kuma yanke cewa ita ce abincin "masu cin lotus" na tsofaffin Girkawa, wato mutanen gaɓar Libiyan nan. Ko ya dace da ainihin jinsin ko bai dace ba, ya dace da dangin, kuma abin da ya gani kowane yaro a Galmi ko Badagishiri ya san ɗanɗanonsa.

Hujja mafi ƙarfi tana zauren malamai. Larabawa na kiran itatuwan wannan dangi sidr, masu fassara Alƙur'ani na Turai kuwa da lotus ko wata kalma ƴar'uwarta suka sha mayar da ita. Malamanmu magarya suka ce. Sidratul Muntaha ta Suratun Najmi ita ce magaryar tuƙewa, a tafsirin baka da kuma tarjamar Shaikh Abubakar Gumi, har kalmar ta fita daga masallaci ta zama yadda ake faɗin iyakar abu. Ganyen sidr da hadisi ya ambata a wankan mamaci shi ne ganyen magaryar da ake dakawa a zuba a ruwa.

Masanin tsirrai zai ce sidr ɗin Hijaz ya fi kusa da kurna, Ziziphus spina-christi, alhali magarya Ziziphus mauritiana ce. Gaskiya ne, amma bai sa malamai sun yi kuskure ba. Sidr a Larabci suna ne mai ɗaukar jinsi fiye da ɗaya, kuma malamai sun zaɓi itacen da jama'a suka sani da aikin da nassi ya ambata, wato tsarki da ganye. A ganina wannan zaɓi ya fi na ƙamus mai harshe biyu hikima, domin ya duba abin da ake yi da itacen. Saboda haka mai fassara ya duba muhalli: ruwa da fure, bado, ƙaya da ƴaƴa masu zaƙi, magarya, furen Asiya kuwa, badon Indiya, tare da bayanin cewa danginsa daban ne.

Iyakar bincike

Ba a shiga sunayen Fulatanci da na Buzanci ba, duk da cewa ana jin harsunan a kasuwannin yankin. An kuma dogara da fassarar matanin Girkanci. Cike waɗannan giɓɓa na iya gyara wasu rassan bayani, amma ba zai taɓa alaƙar sidr da magarya ba, wadda daga Larabci kai tsaye ta shigo Hausa.