Yadda ake sabawa da tuƙin sabuwar ƙaramar mota

Ƙananan motoci irin su Toyota Yaris da Honda Jazz da Kia Picanto sun samu karɓuwa a tsakanin 'yan kasuwa da ma'aikata saboda rashin shan mai da sauƙin ratsa cunkoso. Sai dai mallakar lasisi ba ya nufin mutum ya san motar da ya saya. Kowace mota da halinta, kuma makonnin farko na koyon wannan halin ne.

Matakin farko shi ne zama. A daidaita kujera yadda ƙafa za ta taka birki har ƙasa ba tare da gwiwa ta miƙe ba, sannan a saita madubai uku, a ɗaura bel. Kafin a tayar da mota, a san inda sigina da fitila da abin share gilashi suke, domin wurinsu yakan bambanta daga wannan kamfani zuwa wancan.

Sabo turken wawa ne. Wanda ya saba da mota mai kuloci, idan ya koma mai canza giya da kanta, ƙafarsa ta hagu kan nemi kulocin da babu, ta faɗa kan birki. Ƙa'ida ita ce ƙafar dama kaɗai ke taka totur da birki. Yana da kyau a samu fili mara jama'a a gwada tsayawa da ribas da juyawa. Idan motar tana da na'urar ABS, birki zai riƙa karkarwa a ƙarƙashin ƙafa yayin takawa da ƙarfi. Wannan ba lalacewa ba ce, don haka kada a ɗaga ƙafa.

Ƙaramar mota ba ta da nauyi, cikinta kuma yana kusa da ƙasa. Iskar tirela ko tanka kan girgiza ta a babbar hanya, rami da tudun rage gudu kan daki ƙasanta. Injinta ma ƙarami ne: idan ta cika da mutane ga na'urar sanyaya iska a kunne, tana buƙatar tazara mai tsawo kafin ta wuce wata motar.

Dokar hanya da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, take aiki da ita ta ƙayyade wa motocin gida kilomita 50 a awa ɗaya a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 kuma a tagwayen hanya. Ga mota fil a leda, kamfanoni da dama kan ba da shawarar kauce wa matsanancin gudu a kilomita 1,000 na farko.

Ita kuwa 'yar Kwatano, a fara kai ta wurin amintaccen bakanike ya duba baƙin mai da ruwan lagireto da birki. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta. 2319, alal misali, na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Adadin iskar da ta dace da tayoyin galibi yana rubuce a jikin ƙofar direba.

Idan jar fitilar mai ko ta zafin inji ta kama ana cikin tafiya, a sauka gefen hanya a kashe mota nan take. Doguwar tafiya da iyali kuwa, gara ta jira har sai hannu ya faɗa a cikin gari.