Ƙirƙirarriyar Basira da Ɗalibi Mai Bi

Ƙirƙirarriyar basira fasaha ce da ke sa kwamfuta ta amsa tambaya ko ta yi rubutu kamar mutum. Wadda aka fi sani ita ce ChatGPT, da kamfanin OpenAI ya fitar a Nuwamba 2022. Ba gaskiya take tantancewa ba, kalmomi take jerawa bisa rubuce-rubucen da aka horar da ita da su. Shi ya sa takan ƙago sunan littafi ko ayar da babu ita.

A 2023 hukumar UNESCO ta fitar da jagora kan amfani da ita a makarantu, tana jaddada kare bayanan ɗalibai.

Matasan ikilisiyoyinmu a Sabon Gari da Fagge masu karatu a Jami'ar Bayero da sauran makarantu za su iya neman ta fayyace musu darasi. Amma miƙa wa malami rubutunta da sunanka shaidar zur ce, wadda Fitowa 20:16 ta hana. Ka bi dokar sashenku, ka faɗi inda ta taimaka maka, ka duba kowace aya a Littafi Mai Tsarki da kanka.