Gambo Sawaba

Hajiya Gambo Sawaba (15 ga Fabrairu, 1933 – Oktoba, 2001) 'yar siyasa ce kuma 'yar gwagwarmayar kare haƙƙin mata da talakawa daga Zariya, a jihar Kaduna ta yanzu. Ta shugabanci reshen mata na Jam'iyyar Neman Sawaba, wato NEPU, kuma ta yi suna wajen adawa da danniyar Turawan mulkin mallaka da ta hukumar En'e. An ɗaure ta sau 16 saboda siyasa.

Asali da suna

Sunanta na yanka Hajaratu. Mahaifinta, Isa Amarteifio, mutumin Gana ne mai aikin safiyo, wanda ya zo Najeriya ya yi aiki da hukumar jirgin ƙasa. Mahaifiyarta Fatima Banufiya ce daga yankin Lavun na jihar Neja. An kira ta Gambo ne saboda ita ta biyo bayan tagwaye, kamar yadda al'adar Hausawa ta tanada. Laƙabin Sawaba kuwa a siyasa ta samo shi. Kalmar aro ce daga Larabci, a Hausa tana nufin sauƙi bayan wahala, kuma ita ce taken NEPU. Jam'iyyar Djibo Bakary ta Nijar ma da wannan suna aka san ta.

Ta yi firamare a Tudun Wada, Zariya. Mahaifinta ya rasu a 1943, mahaifiyarta ta bi shi bayan shekara uku, karatunta ya tsaya. An aurar da ita tana da shekara 13.

Shiga siyasa

An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, daga baya Malam Aminu Kano ya zama jagoranta. A lokacin, kotunan alƙalai da 'yan doka da gidajen yari duk suna hannun En'e, wato ƙarƙashin sarakuna, waɗanda akasarinsu ke goyon bayan Jam'iyyar Mutanen Arewa, NPC. Saboda haka ɗan adawa na iya shiga kurkuku don ya yi taro ba izini ko don an ce ya zagi sarki.

A cikin wannan hali Gambo ta shiga NEPU tana da shekara 17. Takan hau dandamali ta yi jawabi gaban maza, abin da ba a saba gani ba a Arewa. Ta yi magana kan auren wuri, da aikin tilas, da harajin da ya fi ƙarfin talaka, da ilimin 'ya'ya mata. Ta kuma je Abeokuta wurin Funmilayo Ransome-Kuti don ta ga yadda ake tsara ƙungiyar mata.

Ɗauri da tsangwama

Kamunta na farko a Kano ne, a farkon shekarun 1950, inda take bi gida-gida tana wayar da kan matan kulle. An gurfanar da ita da wasu mata masu yawa bisa laifin taro ba izini, aka ɗaure su, daga bisani aka hana ta zama a Kano. Masu rubuta tarihinta sun ruwaito cewa an yi mata bulala, an aske mata kai da fasasshiyar kwalba, 'yan bangar siyasa kuma sun sha yi mata duka.

Ƙuri'ar mata

Babbar buƙatarta ita ce a bai wa matan Arewa damar zaɓe. A zaɓen tarayya na 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, na Arewa ba su samu ba, haka aka ci gaba har Jamhuriya ta Farko ta faɗi a 1966. Sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 suka fara zaɓe, tsarin mulkin 1979 ya tabbatar musu da shi. A Jamhuriya ta Biyu ta zama mataimakiyar shugaban jam'iyyar GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim.

Tunawa da ita

Ta rasu a Zariya a watan Oktoba, 2001. An sa sunanta a babban asibitin gwamnati da ke Ƙofar Gayan, Zariya, da wani ɗakin kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Bayero ta Kano. Rima Shawulu ya wallafa littafin tarihinta a 1990. A 2012 Babban Bankin Najeriya ya ba da shawarar sa hotonta tare da na Funmilayo Ransome-Kuti da Margaret Ekpo a takardar naira 5,000, amma gwamnati ta dakatar da shirin.

Ana ambatonta a sahun matan Najeriya da suka tsaya wa mulkin danniya. Funmilayo ta rasu a 1978 sakamakon raunin da ta samu lokacin da sojoji suka kai farmaki gidan ɗanta Fela. Kudirat Abiola, haifaffiyar Zariya, an harbe ta a Legas ranar 4 ga Yuni, 1996, tana fafutukar a sako mijinta a zamanin Janar Sani Abacha.