Kadesh: Zangon da Ya Cinye Shekara Talatin da Takwas

Littafin Maimaitawar Shari'a ya ƙiyasta cewa daga Dutsen Horeb, inda Musa ya karɓi Attaura, zuwa Kadesh-barneya tafiyar kwana 11 ce. A babi na biyu kuwa, littafin ya ce tsakanin Kadesh da ƙetare rafin Zered, da ke kan iyakar Mowab, shekara 38 ta shuɗe. Ratar da ke tsakanin waɗannan lissafai biyu ita ta ja hankalina ga wannan zango, domin a cikinta ne nake ganin ma'anarsa ta addini take kwance.

Kadesh na kudu da ƙasar Kan'ana, a bakin ƙofarta. Sunan ya fito ne daga tushen kalmar da ke nufin tsarki a Ibrananci, tushen da ya haifi sunan Ƙudus a Larabci. Littafin Farawa ya kira wurin da wani tsohon suna, En-mishfat, wato maɓuɓɓugar shari'a. Ke nan tun kafin isowar Bani Isra'ila, wuri ne na ruwa, na tsarki, na yanke hukunci. Hukuncin kuwa a kansu ya faɗa.

Littafin Ƙidaya ya ba da labarin dalla-dalla. Daga nan Musa ya tura mutum 12, ɗaya daga kowace kabila, su leƙo asirin ƙasar. Suka yi kwana 40, suka dawo da rumman da ɓaure da wani nonon inabi daga kwarin Eshkol, wanda sai da mutum biyu suka rataya shi a sanda. Babu wanda ya yi musun albarkar ƙasar. Amma goma daga cikinsu suka ce biranen masu ganuwa ne, mutanen ƙatta ne, har su da kansu sun ga kansu kamar fara a gabansu. Joshuwa da Kalibu kaɗai suka ce a shiga. Jama'a ta kwana kuka, ta fara shawarar naɗa sabon shugaba ya mayar da ita Masar. Sai hukunci ya sauko: kowace rana ta leƙen asiri za ta zama shekara guda a jeji, kuma duk wanda ya kai shekara 20 a lokacin ba zai taka ƙasar ba, sai waɗancan biyun. Washegari, da nadama ta kama su, suka hau tudu don yin yaƙin da suka ƙi jiya, Amalekawa da Kan'aniyawa suka fatattake su har Horma. Ihu bayan hari ke nan.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar farar nan. Ba a ce Kan'aniyawa sun harba kibiya ko ɗaya ba. Mutanen da suka ga teku ta tsage, suka ci manna, su ne suka auna kansu da mudun bauta, suka ga ba su cika ba. An fitar da su daga Masar a dare ɗaya, amma Masar ɗin da ke cikin ƙirjinsu ta ƙi fita, sai da ta bi su kabari. Masu iya magana sun ce faɗuwar gaba asarar namiji; a nan asarar ta ci ƙarni guda.

Alƙur'ani bai ambaci sunan Kadesh ba, amma Suratul Ma'ida, aya ta 20 zuwa ta 26, ta kawo wannan tirjiya: umarnin shiga ƙasa mai tsarki, tsoron ƙattan da ke cikinta, mutum biyu masu tsoron Allah da suka ƙarfafa gwiwar jama'a, sannan haramcin shekara 40 na ɗimuwa. Malaman tafsiri sun ce mutanen biyu su ne Yusha'u bn Nun da Kalib. Har yau Larabawa na kiran tudun tsakiyar Sinai da sunan Tih, wato ɗimuwa. Kafin yaƙin Badar, a shekara ta 624, Miƙdad bn Aswad ya tabbatar wa Annabi Muhammadu (SAW) cewa sahabbai ba za su amsa masa kamar yadda mutanen Musa suka amsa ba. Wannan ya nuna mini cewa labarin ya zama ma'aunin da al'umma ke gwada kanta da shi idan ta iso bakin wata ƙofa mai ban tsoro.

Attaura ta sake dawo da su Kadesh a ƙarshen yawon, kuma babin cike yake da rashi. A nan Maryamu, yayar Musa, ta rasu aka binne ta. A nan ruwa ya yanke, aka umarci Musa ya yi wa dutse magana, ya buge shi sau biyu da sanda, aka ce shi ma ba zai shiga ƙasar ba. Aka sa wa ruwan suna Meriba, wato jayayya. Alƙur'ani ya ambaci bugun dutse da ɓullowar idanun ruwa 12 a matsayin ni'ima, ba tare da wannan zargi ba. Daga Kadesh ne kuma aka roƙi sarkin Edom hanya ya hana, kuma zango na gaba, Dutsen Hor, can Haruna ya cika.

Neman wurin a doron ƙasa ya ɗauki lokaci. Magabata sun danganta shi da yankin Petra. A 1842 John Rowlands ya isa wata ƙaramar maɓuɓɓuga mai suna Ain Ƙudais a arewa maso gabashin Sinai, sunan ya ja shi. A 1914 Leonard Woolley da T. E. Lawrence suka zagaya yankin, suka ga ruwanta bai isa ya riƙe taro ba, suka karkata ga Ain Ƙudairat da ke kusa, wadda ta fi kowace maɓuɓɓuga a arewacin Sinai ruwa. Rudolph Cohen ya yi tono a can daga 1976 zuwa 1982, ya tarar da kagara uku, ɗaya bisa ɗaya, waɗanda ya ɗora tsakanin ƙarni na 10 da na 6 kafin Miladiyya. Ta ƙarshen ta rushe ne a zamanin da Babila ta ci Yahuza, wajen 586. Ginin zamanin Musa dai bai fito ba.

Wasu sun ɗauki wannan a matsayin ƙaryata labarin. Ni na fi sassauci, don mai tanti ba ya barin harsashi, ko da yake na yarda cewa taro mai yawan da Attaura ta ƙidaya zai yi wuya ya ɓace ba ko katanga. Abin da kagarun suka tabbatar shi ne mutanen Yahuza sun san Kadesh a matsayin iyakarsu ta kudu, inda dakaru ke gadin hanyar fatake. Bahaushe ya san irin wannan juyi, domin zangon da fataken goro suka yada don kwana biyu a Kumasi ko Salaga shi ya zama unguwar jikokinsu. Sojan Yahuza da ke tsaye kan hasumiyar Ƙudairat, idan ya juya kudu jejin da kakanninsa suka ƙare a ciki yake kallo, idan ya juya arewa kuwa gida yake kallo, Biyasheba na can kimanin kilomita 75.